Sandar da Vernice Ta Ɗaura wa Odell

Flint, Michigan
12 ga Janairu, 1981

Zuwa ga matar yayana, Vernice,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Yaya sanyi, yaya gwiwar nan da na ji an ce tana damunki? Mu nan ƙalau muke, sai dusar ƙanƙara da ta toshe mana ƙofa tun Kirsimeti. Matata Earline tana gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin sunana a bayan ambulan, tunda shekara biyu da ɗoriya ke nan ba mu ce wa juna uffan ba. Ba zan yi kewaye-kewaye ba. Masana'anta ta ba ni hutun mako guda a ƙarshen Maris, kuma na aika wa Purvis ya sa sunana a gasar kamun kifi ta ƙungiya. Bana ba soyayyen kifi da hira za su sa in tuƙo mil dubu ba. Kifin bas ɗin nan na Yaya Thurman, mai laba tara da oza shida, ya shekara bakwai rataye a bangon shagon Purvis. Ƙura ta ishe shi. Lokaci ya yi da za a hutar da shi a rataye wani, kuma gara ɗan gida ya sauke shi da a ce bare ne.

Abin da nake nema wurinki sandar fatsa ce. Ƙugiya mai farfela zan jefa kamar kullum, cikin kututturen bakin rafin San Miguel. Ina son sandar faiba irin ta Yaya sak: ƙafa biyar da rabi, mai laushin kai, wadda ke bin kifi kafin ta riƙe shi. Kowa a gaɓar tafkin Toledo Bend ya san sunan Thurman ne a jikin sandunan nan, amma hannunki ne ke ɗaura su. Saboda haka kada ki ce mini ba ki iya ba.

Ƙaninki,
Odell Tidmore

Zwolle, Louisiana
19 ga Janairu

Ƙanwata Ozella,

Ina gaishe ki, ina gaida Buford da yara. Yaya hawan jinin nasa? Ki rage masa gishiri ko da zai yi kuka. Ni gwiwa ce kawai, ita ma yau ban ji ta ba, don abin da ke cin raina ya fi ta.

Nemi kujera ki zauna. Odell ya rubuto mini. E, Odell ɗin dai, ɗan ƙanin baban Thurman, wanda na ce ko a lahira aka haɗa mu layi sai na canja layi. Kuma ba da hannu ya rubuta ba, da tafireta ya buga mini, sai ka ce takardar ofishin haraji. Mutum ya tafi Arewa ya shekara ashirin yana goge ƙarfen mota, yanzu ya fi ƙarfin alƙalami.

Kin san me yake so? In ɗaura masa sanda irin ta mijina, da hannuna, don ya zo ya sauke sunan mijina daga bango. Wai ƙura ta ishe shi! Ozella, ni nake zuwa shagon Purvis kowace Asabar da tsumma in goge kifin nan. Shi kaɗai ya rage wa Thurman a garin nan, shi da allon da ke ƙarƙashinsa mai sunansa da farin fenti. Jirgin ruwansa na rabu da shi, motar ta ruɓe a bayan gida. Amma duk wanda ya shiga sayen ƙugiya sai ya ɗaga kai ya ce Allah ya jiƙan Thurman. Ranar da aka sauke allon nan, ranar za a binne shi da gaske.

Duk lokacin da na ɗauko zancen sai ki ce in bar wa Allah, to yau sai kin ji shi daga farko. A gasar Maris ta 1978 ƙuri'a ta haɗa su jirgi ɗaya. Kin san dokarsu: kowa na kama nasa, amma in ɗaya ya kamo babba, ɗayan ya ajiye sandarsa ya ɗauki raga ya kwaso masa, ko da kifin nan ne zai kayar da shi. Amana ce, ba a ma rubuta ta ba don ba a zaci wani zai ci ta ba. Thurman ya kamo wata uwar bas da mutanen jirgin kusa suka rantse ta haura laba goma. Ya jawo ta har gefen jirgi, ta gaji ta kwanta. Odell ya miƙa raga, maimakon ya zura ta ƙarƙashi sai ya doki bakinta da ƙarfen ragar, ƙugiya ta fita. Da la'asar wa ya ci gasa? Odell, da 'yan ƙananan kifayensa. Thurman ya dawo ya zauna a baranda ko takalmi bai cire ba. Na ce masa, "Da gangan ya yi." Ya ce, "Bar shi, Vernice." Iyakar abin da ya ce ke nan har zuciyarsa ta tsaya a Nuwamba. Shi ya sa ranar jana'iza, da Odell ya miƙa hannu zai kama akwati, na ce a gaban Fasto da kowa, "Hannun da ya kasa riƙe raga ba zai riƙe mini miji ba." Ban yi nadama ba, kuma gobe ma zan sake faɗa.

Na so in jefa wasiƙar a murhu. Sai na zuba kofi na yi tunani, na ga ashe Allah ne ya kawo mini shi har gida. Zan yi masa sanda.

Ga yadda abin yake, ko da yake na san ke kifi sai a faranti. In bas ya biyo farfela, ba cafka yake yi ba, zuƙowa yake yi daga baya. Akwai ɗan ƙiftawar ido tsakanin ya buɗe baki da ya rufe. Sandar faiba kurma ce, kuma kurumtar tata ita ce amfaninta: tana lanƙwasawa ta bi shi, kafin labari ya kai hannun mutum kifi ya riga ya rufe baki. To yanzu an fito da wata sabuwa, girafait, mai tauri, marar nauyi, magulmaciya, ko ciyawa ta shafi zare sai ta faɗa maka. Maza na rububinta kamar kyauta ake rabawa. Ni na gwada ta a bakin gada, sau tara ana taɓa ni sau tara ina fizge ƙugiya daga bakin kifi. Ni ke nan mai haƙuri. Odell kuwa, Thurman kan ce yana fizga tun kafin kifi ya gama addu'ar cin abinci.

Wannan zan lallaɓa shi ya karɓa. Zai yini yana jin manyan kifaye suna gaishe shi suna wucewa, ya dawo sikeli hannu rabbana, ni kuma ina zaune a gaba da kujerata.

Yayarki,
Vernice

Ardmore, Oklahoma
26 ga Janairu

Yaya,

Mun gode, Buford da sauƙi, yana satar gishiri a aljihu. Yara suna gaida ki.

Na karanta taki a tsaye, don da na zauna da ban iya tashi ba. Ke dai tun muna yara haka kike, wanda ya taka ki ranar Litinin sai ya tarar da kwaɗo a takalminsa ranar Lahadi. Amma shekararki sittin da ɗaya, Yaya. In za ki gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Thurman ba waliyyi ba ne. Mutumin da ya daina gaida maƙwabci shekara huɗu a kan karen farauta, shi ne za a zubar masa da kifin rayuwarsa da gangan ya ce "bar shi" ya yi shiru? Ko ke ba ki taɓa tambayar kanki ba?

Na san ba za ki ji ba. In kin gama, ki rubuto mini yadda ta kaya, kada ki rage komai.

Ozella

Zwolle
2 ga Fabrairu

Ɗan'uwa Odell,

Taka ta iso, na gode da tambayar gwiwa, da sauƙi. Ka gaida Earline, ka ce ta riƙa rufe ƙirji a wannan sanyi naku. Abin da ya wuce ya wuce, jini ya fi ruwa kauri, kuma ka yi gaskiya, gara ɗan gida da bare.

Sai dai ka bar ni in ba ka shawara irin ta wadda ta shekara talatin tana shaƙar man ƙyalli. Faiba ta zama tsohon yayi. Tsurar sandunan da Thurman ya bari sun ƙare, waɗanda ake kawowa yanzu kuma taliya ce kawai. Ka yi tunanin inda za ka jefa: kututture ne da rassan da ruwa ya shanye. In babba ya kama a can, ba ka da lokacin lallashi, ko ka juyo da kansa nan take ko ya naɗe maka zare a reshe. Sanda mai laushi ba za ta juyo da laba goma ba. Ga nauyi, ka yini kana jifa tun safe, kafin azahar kafaɗa ta mutu.

Girafait zan yi maka, ƙafa shida, mai tauri tun daga gindi har kai. Za ka ji farfela tana juyawa kamar a tafin hannunka take, in ta tsaya kuwa ka san baƙo ya zo. Mutum mai zafin nama irinka, ai ita ce daidai da shi. Da Thurman ya ga irinta da ya jefar da tasa a tafki.

Ka amsa mini da wuri, don zare da mai suna son kwanaki kafin su bushe.

Matar yayanka,
Vernice

Zwolle
2 ga Maris

Ozella,

Lafiya muke, fatan ku ma haka. Kada ki sake yi mini wa'azi a kan Thurman, mijina ne, na fi ki saninsa. Haƙuri ne ya kashe shi.

Yau mako huɗu cur da na aika wa Odell wasiƙa mai zuma, har na yi ƙarya da sunan mamaci, Allah ya yafe mini, amma shiru kake ji. Kullum ina tsaye a bakin akwatin wasiƙa kamar budurwa. Ko ya sansano? Ko wani a can ya faɗa masa halin girafait? Ko ya shiga kanti ya sayi faibarsa, ya bar ni da baƙin cikina a hannu? In ya zo da sanda mai laushi, Ozella, zai iya, don ya san bakin San Miguel kamar aljihunsa. Thurman ne ya koya masa kowane kututture.

Ban jira shi ba dai, na fara aiki, kuma kowace rana ta shirun nan sai na ƙara wa sandar mugunta. Na zaɓi tsurar da ta fi kowace tauri, na yanke inci biyu daga kanta don kada ta san lanƙwasa. Na sa mata ƙananan zobba marasa nauyi. Mariƙin kuwa na kankare shi har sai da jikin sandar ya fito fili daidai inda tafin hannu ke zama, babu komai tsakanin fata da ita. Na ɗaura zare a kanta na sa ƙuda ya sauka, na rantse miki na ji shi a gwiwar hannu. Sannan na yi mata ado da zaren siliki ja da ruwan zinari, na rubuta sunana a jiki, karo na farko a rayuwata. Ban taɓa yin sanda mai kyanta ba, abin har ya ba ni haushi.

Vernice

Flint
27 ga Fabrairu

Matar Yaya,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkiri, na yi ta juya maganarki ne. Raina dai na kan faiba, don ita na sani. Amma ba a jayayya da maƙeri a maƙerarsa. Yi yadda kika gani, ki bar ta wurin Purvis, zan ɗauka ranar Alhamis kafin gasa.

Odell

Zwolle
30 ga Maris

Ozella,

Ba ni da lafiya, kuma ba gwiwa ba ce. Kin ce kada in rage komai, to ga shi.

Katin Odell ya iso kwana biyu bayan na aika miki tawa, ya yarda. Na yi rawa a kicin da gwiwar nan. Ranar Asabar na gasa burodin masara, na sa rigar coci, na ɗauki kujerata tun ƙarfe biyu na kafa ta gaban sikeli a ƙarƙashin bishiyoyin gadar Purvis, inda jirage ke tsayawa. Purvis ya ce, "A'a, Vernice, yau da wace rana? Shekara uku ba ki zo awo ba." Na ce, "Kallo na zo yi, a ci gaba da aiki."

Jirage suka fara shigowa. Ranar ba ta yi wa kowa daɗi ba, iska ta juya daga arewa, mafi yawa biyu-biyu uku-uku suka kawo. Raina fari tas. Jirgin Odell ne na ƙarshe, shi da Cleon Sepulvado, wanda ƙuri'a ta haɗa su. Tun daga nesa na ji Cleon yana ihu kamar an cinna masa wuta a wando. "Purvis! Goge sikelin nan! Ku matsa, ku ba mu hanya!"

Odell ya biyo bayansa. Ya tsufa, ya rame, ya tako a hankali rungume da buhu a ƙirji kamar jariri. Ya zazzage wata uwar bas a kan sikeli. Purvis ya sa tabarau, ya cire, ya goge, ya sake sawa. Ya dube ni kafin ya faɗa, kuma wannan kallon ba zan yafe masa ba. Laba tara da oza goma sha ɗaya.

Cleon ya ci gaba da zuba ba wanda ya tambaye shi. "Wallahi ban taɓa ganin irinta ba! Ni ina ta fizgar iska tun safe, shi kuwa bawan Allah sau bakwai aka taɓa shi sau bakwai ya ɗaga kifi. Kamar yana jira su gama taunawa!"

Sai Odell ya cire hula, ya ɗaga sandar sama yadda kowa zai ga ja da zinarin, ya ce, "Jama'a, ba ni ba ne, aikin matar yayana ne. Ga sunanta nan a jiki. Ku tafa mata."

Suka tafa mini, Ozella. Maza arba'in suka tafa mini, ina zaune da burodi a cinya. Kafin in kai mota mutum goma sha huɗu sun ce in yi musu irinta sak.

Yau da safe Purvis ya kawo mini kifin Thurman a bayan motarsa, naɗe da tsohon bargo. Na bi ta shagon don in gani da idona. Ko sabon allo bai yi ba. Ya shafe "Thurman" ya rubuta "Odell", ya gyara lambobin, ya bar "Tidmore" yadda yake, wai fentin yana da kyau har yanzu. In kika tsaya a gefe kina iya ganin inuwar tsohon sunan a ƙarƙashi.

Kada ki rubuto mini zancen rami. Na sani.

Vernice

Zwolle
30 ga Maris

Odell,

Ba gaisuwa, don ba na yi maka fatan lafiya.

Ka gudu Arewa tun asubar Lahadi kafin in same ka, to karanta. Kada ka ƙara yi mini godiya a gaban mutane. Sandar nan na yi ta ne don ta kunyata ka. Na yi ta don ta fizge maka kowane kifi daga baki, ka dawo ba ko ɗaya, yadda ka dawo da mijina. Duk abin da na rubuta maka a Fabrairu ƙarya ne. Faibar Thurman tana nan guda shida a rufin shagonsa, kuma da ya ga girafait da tsinken gasa nama zai yi da ita. Ban san wane shaiɗani ya riƙe maka hannu ranar Asabar ba, amma ba albarkata ba ce, kada ka kwana kana zaton na yafe.

Vernice, matar Thurman

Flint
26 ga Afrilu

Matar Yaya,

Ina gaishe ki ko ba ki amsa ba. Wannan da hannuna na rubuta, kwana tara ina yinta, ki duba rubutun da kyau. Ba girman kai ya sa nake buga tafireta ba. Da yatsa ɗaya nake bugawa, ina kallonsa, don ba na jin inda ya sauka.

Injin goge ƙarfe ya cinye mini hannuwa. Tun 1976 yatsuna suka fara mutuwa, yanzu ko kofi ya zubo mini sai na gani nake sani. Ranar da na miƙa wa Yaya raga, ban san ta juya a hannuna ba sai da na ji ƙarar ƙarfe a bakin kifin. Na zauna a cikin jirgin na yi kuka, na faɗa masa komai. Lokacin saura shekara uku in cika shekarun fansho, kuma da labari ya bi dangi ya kai Flint da an sauke ni daga aiki, ga yara uku a makaranta. Na ce to ko ke kaɗai a faɗa wa. Ya ce, "Vernice ba ta iya riƙe magana ba, kafin Lahadi duk coci ya ji. Bar ta ta yi fushi, fushinta ba ya kisa, yunwa ce ke kisa." Ya sa na rantse. Watan jiya na cika shekarun, shi ya sa bakina ya buɗe.

Kada ki ɗauka haƙuri nake ba ki. Kin tsaya a gaban kabarin mutumin da ya goya ni a kafaɗa kin kira hannuna abin da kika kira shi. Ba ki san gaskiya ba, amma kin san inda zai yi zafi. Na sha alwashi a hanyar dawowa sai na rama.

Kifi na ganinki, mai jar koma. Ni ma a shagon Yaya na girma, na san abin da girafait ke yi wa mai lafiyar hannu. Amma ni da faiba ba na jin komai, kifi ya ɗauka ya tofar ina ta naɗe zare kamar wawa. Abin da nake bukata sanda ce mai ihu, wadda za ta ratsa mataccen tafi ta kai labari ƙashi. Kafin labarin ya iso ni, kifi ya rufe baki. Jinkirin da faiba ke ba wasu, ni hannuna ke ba ni shi kyauta. Na gwada na kanti guda uku, duk sun yi mini ladabi da yawa. Babu mai yin irin wadda nake so sai wanda ya ƙware kuma ya tsane ni, kuma mutum ɗaya na sani haka. Da na ce ki yi mini mai tauri da bulala za ki aiko. Sai na roƙi mai laushi, na sa zancen ƙura, na yi miki shiru wata guda don ki daɗa dahuwa.

Na rama, Matar Yaya. Na zaci zan ji daɗi. Earline ta ce tun da na dawo ban ci abinci na ƙoshi ba.

Odell

Zwolle
11 ga Mayu

Odell,

Ina fatan Earline lafiya. Kai kuma ka ci abinci, ba na son ka mutu yanzu.

Na karanta taka sau uku, biyu saboda rubutun, ɗaya saboda maganar. Washegari da safe na tafi maƙabarta na tsaya a kan Thurman na wanke shi tas, har mai yankan ciyawa ya kashe injinsa yana saurare. Shekara talatin da takwas ina dafa masa, ina ɗaura sanda yana sa sunansa, ashe a wurinsa ni rariya ce. Abin da ya fi ba ni haushi, gaskiya ya faɗa, da kafin Lahadi an ji.

Maganar da na yi a bakin kabari, na janye ta. Ita kaɗai. Zan tashi a coci ranar Lahadi in faɗa a gaban waɗanda suka ji ta farko, tunda an ce ban iya riƙe magana ba.

Sauran kuwa ban yafe ba. Ni na yi ƙiyayyata a makance, kai ka yi taka ido buɗe. Ka so ka soke ni, sai ka rasa inda za ka bi sai ta jikin mutumin da ya haɗiye kifin rayuwarsa don 'ya'yanka su ci abinci. Shi bai yi wa kowa komai ba, kuma shi kaɗai aka shafe. Mu biyu muka yi masa, kai da hannun da ya rufa wa asiri, ni da hannun da ya koya wa sana'a.

Sunansa ba zai koma allon nan ba, matattu ba sa shiga gasa. Amma naka zai iya sauka. Na tambayi Purvis ko akwai dokar da ta hana mace shiga ƙungiya. Ya tono littafin ya yi ta juyawa yana zufa, ya ce ba a rubuta ba, don ba wanda ya taɓa zaton za a tambaya. Na sa sunana. Na sauko da faiba ɗaya daga rufi, kuma Cleon ya yarda ya riƙa fita da ni ranar Laraba. In na kamo wadda ta fi taka, Misis Thurman Tidmore za a rubuta, kuma sabon allo zan sa a yi.

Ka zo a Maris. Sunaye arba'in da ɗaya ne a hula, ƙuri'a kuma ba ta da kunya. In ta haɗa mu jirgi ɗaya ka kamo babba, ni zan ɗauki raga, kai kuma ka zauna ka zuba mini ido. Ni kaina ban san abin da zan yi da ita ba tukuna.

Vernice